Zan mai da tukunyata daga gas zuwa lantarki, ina neman shawara kafin in huda ta

Mai Tukunya:
Barkanmu da warhaka 'yan'uwa. Shekara 3 ke nan ina dafa ruwan tsiron sha'ir a kan murhun gas a waje. Tukunyata ta ƙarfe mara tsatsa ce, mai cin lita 50. Nakan ɗora lita 35 in sauke wajen 30 bayan tafasar awa ɗaya. Abu biyu ne suka ishe ni. Na farko iska: da ta taso sai harshen wutar ya kwanta gefe guda, tafasar ta mutu, in koma ina kare murhun da guntun kwano. Na biyu, makon jiya gas ya ƙare mini minti 20 bayan na zuba furen hof, wato furen da ke ba ruwan ɗaci da ƙamshi, ina ji ina gani tukunya ta huce.

Shi ya sa nake so in huda ta in sa mata hita a ciki, in koma ɗakin ajiya da aikina. Na ga wata mai wat 5500, kuma akwai soket a bangon ɗakin. A ina ya kamata in huda? Wane girman rami? Kuma zaƙin tsiron ba zai yi ƙanzo a jikin hitar ba? Wanda ya taɓa yi ya taimaka mini.

Gas Na Sani:
Ɗan'uwa, matsalarka ba ta kai ta huda tukunya ba. Sayi tulun gas na biyu ka ajiye, ka yi wa murhun kariyar iska mai kyau, shi ke nan. Rami idan ya shiga jikin tukunya ba ya fita. Kuma ranar da wuta ta ɗauke kana tsakiyar tafasa, irin tsayuwar da ka yi makon jiya za ka sake yi, wannan karon ba ka da tulun da za ka canza.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Ɗana, ajiye maganar rami tukuna, ita ce ta ƙarshe. Kalmar da ta tsaya mini a rai cikin bayaninka ita ce "akwai soket a bango". Raba wat 5500 da bolt 230, za ka samu amfa wajen 24. Soket ɗin bango mai baki uku, da fis ɗin da ke cikin filoginsa, amfa 13 aka yi su su ɗauka. Idan ka yi sa'a fis ya tsinke ka huta. Abin da nake tsoro shi ne mataki na gaba da mutane ke ɗauka, su cire fis su naɗa waya a madadinsa.

Na buɗe irin waɗannan soket ba adadi. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a gefen rami guda. Kana kwance sukurori biyun nan sai ka tarar robar bayan ta zama gawayi, rigar wayar ta bushe tana farfashewa a hannu, tagullar ta yi baƙi. Mai gidan kuwa ya ce maka kwana biyu yana jin ƙauri bai san daga ina ba. Kafin ka sayi komai, je ka duba akwatin birekoki na gidan ka faɗa mini: amfa nawa ke rubuce a babban, kuma akwai wata na'ura mai maɓallin gwaji a jikinta?

Mai Tukunya:
Baba, na gode, na duba yanzu. Babban an rubuta 63. Ƙananan akwai masu 10, masu 20 da guda mai 32. Ban ga mai maɓallin gwaji ba.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
To ka ga inda aikin yake. Ba ka da RCD, wato na'urar nan mai maɓallin gwaji, kuma kai za ka sa wuta a cikin ruwa ne, a tukunyar ƙarfe, kana riƙe da ludayin ƙarfe, ƙasan ɗakin a jiƙe. Bireka waya take tsarewa kada ta ƙone, ba ruwanta da kai: sai wuta ta haura amfa 20 ko 32 take faɗuwa, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai amfa ɗaya ba, nesa ba kusa ba. RCD kuwa tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da ta ga an samu giɓi, ta san wani abu ya bi ta wata hanya, watakila ta jikinka, sai ta yanke. Ta gida miliamfa 30 ce, miliamfa kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfa. A Amurka GFCI suke kiran tasu, tana yankewa a wajen miliamfa 5. Ba na ba kowa shawarar jona hitar tukunya babu wannan.

'Yar Lissafi:
Baba ya gama magana kan tsaro, bari in ɗan taɓa girman hitar, don ina ganin an fara daga 5500 ne kawai saboda ita aka gani.

Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kilojul 4.19. Lita 35 daga digiri 25 zuwa 100 ke nan kilojul kusan 11,000, wato kilowat-awa 3 da 'yan kai. Hita mai wat 3000 za ta yi shi cikin awa ɗaya, mai 5500 cikin minti 33, idan ba a lissafa zafin da ke tserewa ta jikin tukunya ba. Amma ai a ranar aiki ba ka tashi daga sanyi kai tsaye zuwa tafasa. Da farko kana kai ruwan jiƙa tsiro wajen digiri 72: minti 38 da ƙaramar, 21 da babbar. Bayan ka tace, kana ɗaga ruwan tsiron daga wajen 65 zuwa 100: minti 28 da ƙaramar, 16 da babbar. Duka bambancin rabin awa ne a yinin.

Inda ƙaramar za ta nuna gazawa shi ne ƙafewa. Mai da lita ɗaya tururi yana cin kilojul 2257, kusan kilowat-awa 0.63. Ka ce kana rasa lita 5 a awa, wannan kaɗai ya haura wat 3100. Da mai 3000 ka sa ran lita 3 zuwa 4, sai ka rage ruwan da kake ɗorawa. Ba laifi ba ne, ma'auni ne kawai zai canza.

Sannan Baba, da izininku, ɗan gyara. Yawancin masu 5500 ɗin nan a kan bolt 240 aka rubuta ƙarfinsu. Juriyar wayarsu om 10.5 ce. A bolt 230 wat 5050 za ta ba da, tana jan amfa 22. Idan wutar ta sauka 200, wat 3800 kacal. Ƙarfin yana bin bolt sau bolt ne, shi ya sa ƙaramar faɗuwa ke cin da yawa. Wanda ya jona ta a bolt 120 kashi ɗaya cikin huɗu zai samu.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Gyaranki daidai ne Malama, na karɓa. Amfa 22 ɗin ma dai ta kusa ninka abin da soket zai ɗauka.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Tunda 3000 a raba da 230 ya ba da 13, ke nan mai wat 3000 za ta zauna a soket lafiya? Butar lantarki ma ai kusan haka take ja.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Buta minti 3 take yi ta kashe kanta. Wannan awa 2 ko fiye za ta yi tana jan iyakar abin da aka halatta, ba hutu. Sabon soket mai kyau da filogi mai kama ƙafa sosai za su jure, amma za ka taɓa filogin ka ji ɗumi. Tsoho wanda bakinsa ya saki kuwa, a nan zafin zai taru. Shi ya sa a ƙa'idar Amurka, abin da zai yi awa 3 yana aiki ba a barinsa ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin birekarsa. Ni ra'ayina: in dai soket za a yi amfani da shi, kada a wuce wat 2400, kuma kada a haɗa shi da wayar ƙari. In kuwa za a ja sabon layi, to a ja na amfa 32 sau ɗaya a huta, a sa hitar da ake so.

Na Huda Biyu:
Akwai hanya ta tsakiya, ita na bi a tukunyata ta farko: hita biyu masu wat 2000, kowace da filoginta. In ana ɗaga zafi a kunna duka, in ta tafasa a kashe guda ko a rage ta.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Tana aiki idan soket biyun ba kan bireka ɗaya suke ba. Mutum zai ga ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan ya ɗauka layi biyu ne, alhali waya guda ce ta zaga ɗakin. Kashe bireka ka gani ko duka sun mutu tare. Sannan kowanne sai ya bi ta RCD.

Na Huda Biyu:
Haka ne Baba, ni ma daga baya layi guda na ja. Bari in amsa maganar ƙanzo da ya tambaya, don ba wanda ya taɓa ta.

Ba yawan wat ke ƙona zaƙi ba, cunkoson wat a ƙaramin jiki ne. Hitar tankin wanka gajera ce, duk zafinta a ɗan tsawon nan yake fita. A ruwa zalla ba komai. A ruwan tsiro kuwa, mai sukari da gari-gari, sai ya kama jikinta. Ta farkon da na saya irin wannan ce. Na sauke na ga ta yi baƙin ɓawo kamar an shafa kwalta, kuma ƙaurin ya shiga ruwan gaba ɗaya, babu abin da ke fitar da shi. Lita 20 na zubar.

Nemi doguwa wadda aka naɗe ta koma baya, ko mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Masu sayarwa suna rubuta ULWD a jikinta, ma'ana zafinta a baje yake, wajen wat 8 a kowane murabba'in santimita. Abu na biyu, duba gindinta. Da yawa sandar ba ta tsatsa amma gindin mai zare baƙin ƙarfe ne, dafawa biyu za ka ga jan zobe. Sayi wadda duk jikinta mara tsatsa ne. Na uku, auna faɗin tukunyarka kafin ka saya, kada sandar ta je ta tokare ɗaya bangon.

Kuma ko da mai kyau ce, idan ka kashe wuta na ɗan lokaci gari ya kwanta a kanta, motsa sosai kafin ka sake kunnawa. A nan ne yawancin ƙanzo ke samuwa.

Mai Walda:
Saura rami. Maigida, kada ka huda sai hitar tana hannunka. Masu zaren inci ɗaya raminsu yakan faɗo tsakanin milimita 32 da 34, amma auna taka za ka yi.

Wuri: can ƙasa gwargwadon iko, sai dai ka haura lanƙwasar da gindi ya haɗu da bango, don noti da zoben roba su samu shimfiɗaɗɗen wuri. Bar sararin da yatsa biyu za su shiga ƙarƙashin sandar saboda wanki. Kada ya zo daidai ƙarƙashin mariƙi, kuma ka nisanta shi da famfon zubarwa, ɗigon famfo kada ya sauka a kan wayoyi.

Shi ƙarfe mara tsatsa yana da hali guda: in ya yi zafi a ƙarƙashin bakin dirila sai ya ƙara tauri. Mutum ya saki dirila da gudu, wurin ya yi shuɗi, daga nan ko sabon baki ya kawo sai dai ya yi ta sheƙi. Buga alama da ƙusa, fara da ƙaramin baki, juyi a hankali, danna da ƙarfi, ɗiga mai, ka riƙa tsayawa yana hucewa. In kana ganin ƙarfen yana fita kamar zare mai murɗewa, kana kan hanya. In gari yake fita da hayaƙi, tsaya. Baki mai hawa-hawa zai kai ka, amma wanda ya fi tsabta shi ne mahudin da ake ɗaurewa da sufana, ya yanke da'irar ƙwal ɗaya. Bayan nan ka goge bakin ramin har sai ka zaga da yatsa ba abin da ya kama ka, in ba haka ba shi zai yanka zoben.

Mai Tukunya:
Allah ya saka da alheri. Walda ta fi ko ɗauri da noti?

Mai Walda:
Walda mai kyau ta fi, musamman in aka sa bakin nan mai matsewa da ƙugiya, wanda za ka zare hitar da hannu ka wanke ka mayar. Amma sai wanda ya iya waldar agon a siririn ƙarfe, yana kare bayan wurin da iskar agon ɗin. In aka yi ta da waldar ƙofa, bayan zai yi ƙuraje, datti ya maƙale, tsatsa ta biyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Noti da zoben silikon suna riƙe ruwa shekaru. Sirrin kawai kada ka ɗaure har zoben ya tsartu gefe. Yawancin yoyon da ake kawo mini daga yawan ɗauri ne.

Gas Na Sani:
Ina bin ku tun ɗazu. Sabon layi, RCD, hita ta musamman, mai walda, ga akwatin sarrafawa da ba a ma zo kansa ba. Duk don a tafasa ruwan da murhu ke tafasawa da ashana ɗaya. Ku faɗa mini abin da aka ci riba.

'Yar Lissafi:
Tambayarka a kan hanya take. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da kusan kilowat-awa 13 na zafi, amma tsaya kusa da murhun ka ji yadda ƙafafunka ke gasuwa: wannan zafin da ka saya ne yake bin gefen tukunya yana tafiya. A irin manyan murhun waje fiye da rabi ke salwanta haka. Hitar da ke nutse ba ta da inda za ta kai zafinta sai cikin ruwan. Ƙari a kan haka kana iya naɗe tukunyar da abin riƙe zafi, abin da ba zai yiwu a kan harshen wuta ba. Ko ya fi araha, wannan ya danganta da yadda ake sayar da kowanne a inda mutum yake.

Ni a wurina babbar ribar ita ce shi ɗaki yake so ya shiga. Babban murhun gas a rufaffen ɗaki yana tara iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. In dai ciki za a koma, gas ya fita daga lissafi.

Wani abin da ke burge ni: mutumin da ya gano ƙa'idar da hitar nan ke aiki da ita, Jemis Jul, ɗan gidan masu masana'antar giya ne a Salford, kusa da Mancesta a Ingila, kuma shi ma ya gudanar da ita. A wajen 1840 ya riƙa nutsa waya a ruwa yana sa mata wuta yana auna zafin, har ya tabbatar zafin yana bin amfa sau amfa sau juriyar waya. Sunansa ne a kan kilojul ɗin da nake ta lissafi da shi. Ƙa'idar tasa ce kuma ke bayyana soket ɗin da Baba ya ba da labari: ninka amfa biyu, zafin da ke cikin wayar bango ya ninka huɗu.

Gas Na Sani:
Maganar ɗaki na yarda da ita. Amma ɗaukewar wuta fa, ba wanda ya amsa mini.

Na Huda Biyu:
Ba ta da amsa mai daɗi. Batir mai bolt 12 da amfa-awa 200 kilowat-awa 2.4 ne duk cikinsa, bai kai tafasar awa ɗaya ba. Sai babban janareta. Wanda wutarsa ba ta tsayawa ya yi tunani sosai, ko ya ajiye wata tukunyar daban don murhu. Abin da ba a yi shi ne mai da wadda aka huda kan gas: harshen wuta zai lashi akwatin wayoyin da zoben.

Sabon Shiga:
Me ya sa ba za a ɗora ta a kan murhun lantarki na indokshan mai aiki da maganaɗisu ba a huta da huda?

Mai Walda:
Ɗauki maganaɗisu ka manna a gindinta. In ya kama sosai, za ta yi. Yawancin tukwanen da aka yi da ƙarfe lamba 304 ba ya kama su, sai masu gindi mai hawa uku. Alminiyam kuwa sam. Kuma ka tuna nauyi: lita 35 da tukunyarta sun haura kilo 40 a kan gilashi.

Mai Tukunya:
Na gwada, maganaɗisun zamewa ya yi ya faɗi. Huda dai za a yi. Na yanke shawara: sabon layi, doguwar hita mai 5500. Yanzu yaya zan riƙa rage ta in ta tafasa? Na ga ana maganar PID.

Na Huda Biyu:
Dole ka rage, don cikakken ƙarfinta a lita 35 zai sa kumfa ta yi ambaliya. PID na'urar sarrafa zafi ce, tana karanta zafi daga ma'auni ta umarci wani makunni mara motsi, SSR, ya riƙa kunnawa da kashewa. Wajen riƙe ruwan jiƙa a digirin da kake so ba ta da na biyu. Amma a tafasa ba ta da amfani, domin ruwa mai tafasa a hankali da mai tafasa da hauka zafinsu ɗaya. Sayi wadda ke da tsarin hannu, ka ce mata kashi 60 ko 70 cikin 100, ta riƙa ba da wuta daidai haka.

Yanzu ka saurare ni da kyau kan SSR. Yana zafi, wajen wat 25 a irin amfar da za ka ja, don haka sai da faffaɗan ƙarfen sanyaya a bayansa, kuma ka ɗauki mai amfa 40. Jabunsa sun yi yawa, a rubuta 40 a waje abin da ke ciki bai kai rabi ba. Kuma idan ya mutu, yawanci a kunne yake mutuwa. Ni ya faru da ni. Na gama dafawa, na sa na'urar a sifili, na buɗe famfo ina juye ruwan. Ruwa na sauka ƙasa da sandar na ji wani irin ƙamshin ƙarfe, na leƙa na ga ta yi ja wur kamar garwashi. Kafin in kai hannu bango ta yi ƙara ta tsage, RCD ta faɗi. Duk abin bai kai rabin minti ba. Allon yana nuna sifili, wuta kuwa tana shiga.

Tun daga ranar na sa kontakta, wato makunni mai motsi da ke raba waya da gaske, a gaban SSR, mai yanke wayoyi biyun duka, da makunninta daban da fitila mai nuna ko wuta na isa hitar. Ba na taɓa famfo sai na ji ƙarar faɗuwarta.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Wannan shi ne daidai. SSR na ragewa ne, ba na kashewa ba, ko lafiyarsa ƙalau yana ɗan zurarar da wuta. Ƙara da waɗannan, ɗana. Wayar layin kada ta gaza murabba'in milimita 4, in da nisa 6, wanda zai ja ya duba tsawon da inda za ta bi. Wayar da za ta je tukunya ta zama mai laushi mai jure zafi, a kama ta da maƙalli a bakin akwati yadda ko an fizge ta ba za ta ja kan sukurori ba. Kan hitar a rufe shi cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Wayar atin kuma, wadda ke kai wutar da ta zurara zuwa ƙasa, a ɗaure ta da ƙusa da noti a jikin ƙarfen da ke haɗe da tukunyar, kada a dogara da zaren hita, tunda zoben roba na tsakani. In an gama a sa mita tsakanin ƙafar atin ta filogi da bakin tukunya, ya nuna ƙasa da om ɗaya. Layin bango kuwa ka kira mai sana'ar, ba wurin koyo ba ne.

Mai Tukunya:
'Yan'uwa na dawo bayan mako 3. Baba, abin da mai gyaran ya tarar ya sa jikina ya yi sanyi. Da ya buɗe soket ɗin nan da na so in yi amfani da shi, waya biyu ce kawai a ciki. Ramin atin ba komai a bayansa. Ya ja sabon layi da waya mai milimita 6, bireka 32 da RCD, ya gwada atin ɗin gidan ya gyara shi.

Ramin ya ci mini kusan awa ɗaya, na bi yadda Mai Walda ya ce. Na cika ta da ruwa ta kwana a kan takarda, da safe takardar a bushe. Mita ta nuna om 10.5 a hitar, daidai lissafin Malama. Gwajin ruwa zalla: lita 35 daga digiri 26 ta tafasa cikin minti 42, wutar tana bolt 225. Kashi 65 ya riƙe tafasa mai kyau, na rasa lita 4 a awa. Abu guda ya ɗaure mini kai, tana tafasa amma ma'aunin 98 yake nunawa.

'Yar Lissafi:
Madalla. Ɗayan biyu ne. Ko wurinka yana da tudu, don duk hawan mita 300 daga matakin teku yana rage digiri ɗaya a zafin tafasa, ko ma'aunin ne ke da ɗan kuskure. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa ka tsoma shi. In ya nuna sifili, lafiyarsa lau, 98 ɗin ita ce tafasarka. In ya kauce, akwai wurin gyara a cikin PID ɗin. Ka yi wannan kafin ka jiƙa tsiro, don a can digiri 2 ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Tukunya:
Ya nuna sifili. Jiya kuma na yi dafawar gaske ta farko. Ba ƙanzo, sai ɗan farin dafi-dafi a sandar da soso ya ɗauke. Matsalar da ban hango ba ita ce tururi: kafin rabin awa rufin ɗakin ya fara ɗiga, bango yana gumi. In rufe tukunyar ne?

Na Huda Biyu:
A'a. Rufe ta lokacin ɗaga zafi, da ta kusa tafasa ka buɗe. Akwai wani sinadari da ake kira DMS da ke fita daga tsiro yana bin tururi. In ka rufe, zai taru a murfi ya koma ciki, abin ya fito da warin dafaffen kayan lambu. Lita 4 ɗin nan dole su bar ɗakin: fanka mai zuƙa a saman tukunya da bututu zuwa waje, a ɗan karkata bututun yadda ruwan da ya taru ba zai dawo ba, a bar taga a buɗe iska ta shigo. Kafin nan matsar da akwatin sarrafawar daga inda rufin ke ɗiga. Wajen wanki kuma kada bilic ya taɓa ta, yana cin ƙarfe mara tsatsa.

Gas Na Sani:
Ina taya ka murna ɗan'uwa, aikin ya yi kyau. Ni dai ina waje da murhuna tunda tawa wutar ba ta zama. Amma RCD ɗin nan zan sa a gidana.

Tsohon Mai Gyaran Wuta:
Ka kyauta. Kai kuma ɗana, kowace ranar aiki danna maɓallin gwajin kafin ka zuba ruwa. Sannan yanzu da wayoyin suka yi zafi suka huce sau biyu, zare filogi, buɗe akwatin, ka bi kowane sukuru da sukundireba. Tagulla takan saki bayan zafin farko. Duba ko akwai rigar wayar da ta canza launi.

Mai Tukunya:
Na buɗe yanzu Baba. Launin wayoyin bai canza ba, cikin akwatin hitar a bushe. Sukuru guda a kan kontakta ya ƙara shiga kusan rubu'in juyi, sauran a ɗaure suke. Fankar ta iso, gobe zan huda bango in sa bututun.